Na kira likita an yi min tsawa, na yi shiru mutum ya kusa mutuwa

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki ɓoye sunana. Ni nas ce, wata bakwai kenan da fara aiki, a ɓangaren waɗanda aka yi wa tiyata aka ajiye ni. Wani dare sakamakon jinin wata mata ya fito, kwananta biyu da aikin ciki, CRP (gwajin da ke nuna kumburi a jiki) 140, WBC (yawan fararen ƙwayoyin jini) 13, duk lab sun ja musu layi. Hankalina ya tashi na kira likita wajen ƙarfe biyu na ce infekshin ya shige ta a canza mata magani. Ya zo ya same ta tana barcinta lafiya lau, ya juyo gaban sauran ma'aikata ya ce wai a ina na yi karatu da ban san CRP na hawa bayan tiyata ba. Wallahi a banɗaki na yi kukana. Bayan sati uku sai ga wani dattijo ɗan shekara 74 da aka yi wa aikin ƙashin ƙugu, da robar fitsari a jikinsa, cikin dare ya fara sambatu, numfashinsa 26, BP 98/60, amma ba zazzaɓi, 35.9 ma na samu, WBC ɗinsa na yamma 3.6. Zuciyata ta ce ki kira, sai na tuna wancan daren, na ce tunda ba zazzaɓi kuma WBC bai hau ba ƙila ruɗewar tsufa ce. Na rubuta a folda na yi shiru. Da asuba BP ɗinsa ya faɗi aka wuce da shi ICU, ɗakin masu ciwo mai tsanani, aka ce sefsis ne daga mafitsara, wato infekshin ya rikita jiki har ya fara taɓa sassansa. Ya rayu alhamdulillah amma ni na daina barci. Ba wanda ya ce min komai, sista in-caj ma kallona kawai take. Ina ganin gara in ajiye aikin nan. Anti ya ake karanta gwaje-gwajen nan ne, kuma ya zan yi da raina?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki kafin in fara amsa, kuma abinda ya fi tsaya min a rai shine yadda kika riƙe lambobin dattijon nan a kanki har yanzu, 26, 98/60, 35.9, 3.6. Wadda bata damu da mara lafiya ba bata tuna irin wannan. Kuma kin auna, kin ƙirga, kin rubuta, zuciyarki ma ta gaya miki gaskiya a lokacin. Amma bazan rufe ki ba tunda ke ma ba lallashi kawai kika zo nema ba: daren nan ya kamata a ce kin kira. Kin sani, na sani, shi yasa barci ya ƙi zuwa. To mu ajiye wannan a gabanmu haka, mu duba me ya kai ki ga shirun, dan a nan ne gyaran yake.

Ki lura da abu ɗaya da ya haɗa dararen biyu. A na farko takarda ta tayar miki da hankali alhali matar tana kwance lafiya, kika bi takarda. A na biyu jikin dattijon yana ta ihu, kika koma takarda kika ga WBC bai hau ba, kika sake bin takarda. Wato kuskuren iri ɗaya ne sau biyu, kuma ba naki bane ke kaɗai, haka da yawa daga cikinmu muka fito daga makaranta, an haddace mana "WBC sama, infekshin" kamar karatun jarabawa, ba a zauna an nuna mana me lambar take aunawa ba.

Mu fara daga tushe. Infekshin daban, inflameshin daban, kuma rashin raba su ne ya jefa ki a daren farko. Infekshin shine ƙwayar cuta ta shiga jiki tana hayayyafa, bakteriya ce ko bairos ko fangas. Inflameshin kuwa martanin jiki ne ga duk abinda ya taɓa shi, ko ƙwayar cuta ce, ko wuƙar likita, ko ƙuna, ko karaya, ko ciwon gaɓoɓi irin wanda garkuwar jiki ke afka wa jikin da kanta. Mukan fassara shi da kumburi, amma kumburi ɗaya ne kawai cikin alamominsa. Tun ƙarni na farko wani marubucin Rum mai suna Selsus ya lissafa guda huɗu, ja da zafi da kumburi da raɗaɗi, daga baya aka ƙara na biyar wato wajen ya kasa aikinsa. Duk infekshin kusan yana tayar da inflameshin, amma inflameshin da yawa babu ko ƙwayar cuta ɗaya a cikinsa. Su kuma CRP da ESR da WBC duk inflameshin suke gani, ba ruwansu da wanda ya kunna wutar, hayaƙi kawai suke nuna miki.

CRP hanta ce ke yinsa idan saƙon inflameshin ya iso mata. Yana fara hawa kamar awa 6 zuwa 8 bayan abu ya faru, ya kai ƙololuwa wajen awa 48, idan abin ya lafa kuma yana sauka da sauri dan kusan duk awa 19 rabinsa ke barin jini. A lafiyayyen mutum ƙasa da 5 yake, wasu lab ɗin suna sa 10. To ki ɗora wannan a kan matar nan. An buɗe cikinta, an yanka an ɗinke, awa 48 cif, daidai lokacin da CRP ke kan ganiyarsa, haura 100 bayan babban aikin ciki a rana ta biyu ko ta uku abu ne da ake gani kullum. Abinda zai sa ki ɗaga gira shine ki ga rana ta huɗu ta biyar bai fara sauka ba, ko ya sauka ya sake hawa, musamman in ga zazzaɓi ko ciki ya ƙara ciwo ko ɗinki ya yi ja yana fitar da mugunya. Dan haka lamba ɗaya tilo bata cika gaya miki komai ba, sai kin jera ta da ta jiya da ta shekaranjiya. Kuma dan Allah ki dinga duba ma'aunin da ke gefen lambar, wani lab mg/L yake rubutawa wani mg/dL, 14 a wannan shine 140 a wancan, na sha ganin an ruɗe a nan. Sannan ki sani CRP na iya fitowa ƙasa a mutumin da ciwonsa bai fi awa kaɗan da farawa ba, ko wanda hantarsa ta lalace bata iya yinsa sosai.

ESR ba sai na daɗe a kansa ba. Nisan da jajayen ƙwayoyin jini suka nitse a cikin bututu a awa ɗaya ake aunawa, yana hawa a hankali ya sauka a hankali har makonni, kuma ƙarancin jini da juna biyu da tsufa duk suna ɗaga shi. Yana da amfani a ciwon da ya daɗe, amma ba shi zaki tambaya ba da ƙarfe biyun dare.

WBC ne nake so ki zauna a kansa sosai. A babba yawanci tsakanin 4 zuwa 11 yake, amma jimillar kamar a ce miki mutum nawa ne a ɗaki ba a gaya miki su waye ba, sai kin sauka ƙasa kin duba rabe-raben. Nutrofil su suka fi yawa kuma su ke fara fita idan bakteriya ta shigo, limfosait sun fi tashi a yawancin cututtukan bairos, iyosinofil kuma sukan hau a alaji ko tsutsar ciki. Amma nutrofil ɗin nan ba bakteriya kaɗai ke ɗaga su ba, tiyata tana ɗaga su, ciwo mai tsanani da firgici, juna biyu, shan taba, sai kuma babban mai ruɗa mutane wato sitiroid. Deksametazon, wani sitiroid da ake yawan bayarwa a ɗakin tiyata dan hana amai, ma ya isa ya ɗaga WBC washegari. Kinga 13 ɗin matar nan ba abin mamaki bane ko kaɗan. Idan lab ɗinku suna rubuta ƙananan nutrofil waɗanda basu gama nuna ba, da ake kira band, ki kula da su, in sun haura kashi 10 cikin 100 alama ce ɓargo yana turo yara fagen daga saboda manya sun ƙare.

Yanzu 3.6 na dattijon. Ke kin karanta shi a matsayin "bai hau ba", alhali ƙasa yake da 4, kuma WBC da ya faɗi a mutumin da jikinsa ke rikicewa ya fi wanda ya hau ban tsoro, dan yana iya nufin ƙwayoyin suna ƙarewa a wajen faɗa fiye da yadda ɓargo ke iya maye gurbinsu. Haka ma zafin jiki. Tsofaffi sau da yawa basa yin zazzaɓi ko da ciwon ya yi nisa, wani ma jikinsa sanyi yake yi, ga shi kusan duk wanda aka yi wa tiyata ana bashi farasitamol a kai a kai saboda ciwo, shi kuma yana danne zazzaɓin. Tsohon ma'aunin da ake kira SIRS ya ƙirga duka ɓangarorin biyu, zafin jiki sama da 38 ko ƙasa da 36, WBC sama da 12 ko ƙasa da 4, numfashi sama da 20, bugun zuciya sama da 90. Dattijonki ya cika uku ba tare da kin gaya min bugun zuciyarsa ba ma. A 2016 da aka sabunta ma'anar sefsis aka fito da qSOFA mai abu uku da ba sai an je lab ba, numfashi 22 ko sama, BP na sama 100 ko ƙasa, da canjin hankali. Duk ukun yana da su. In kuma ma'aunin maki na NEWS2 kuke amfani da shi, wanda likitocin Ingila suka fitar a 2017, numfashi 26 maki 3 ne, sabuwar ruɗewa maki 3, BP 98 maki 2, zafin jiki 35.9 maki 1, ya zama 9, kuma daga 7 kiran gaggawa ake yi. Ban kawo wannan lissafin dan in ƙara miki nauyi a zuciya ba, na kawo ne dan ki ga cewa abinda kika ji a ranki daren nan ilimi yana bayansa, kuma akwai kayan aikin da zai tsaya miki lokacin da tsoro yake neman rufe miki baki.

Maganar ruɗewar tsufa kuma ina so ki cire ta daga bakinki gaba ɗaya. Tsohon da da rana yake hira da ke sarai, da dare ya fara sambatu, wani abu ne ya canza a jikinsa har sai an tabbatar ba haka ba, infekshin ne ko ƙarancin iskar oksijin ko suga ko magani ko fitsari ya taru. Robar fitsari kuwa hanya ce a buɗe ga bakteriya, duk kwanan da ta ƙara a jiki haɗarin ƙaruwa yake, shi yasa yana cikin aikinmu mu dinga tambaya kullum ko har yanzu ana buƙatarta. Ki duba jakar ma, idan fitsarin bai kai 0.5 ml a kowane kilo na nauyin mutum a awa ɗaya ba, ƙoda ta fara magana. Sefsis ba ƙaramin abu bane, alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya take kawowa na 2017 sun nuna mutum kusan miliyan 49 ne suka kamu, miliyan 11 suka rasu, kusan ɗaya cikin biyar na duk mace-macen duniya a shekarar. Kuma wanda ya fi kowa damar ganinsa da wuri ita ce nas ɗin da ke tsaye a bakin gado.

Idan irin haka ta sake faruwa, abinda ake so a yi cikin gaggawa kin san shi, amma bari in tuna miki. A ɗauki jinin kalca, wato wanda ake rainon ƙwayar cuta a cikinsa a lab dan a gane ta, kafin a sa antibayotik, seti biyu, kowace kwalba ta babba ml 8 zuwa 10, a goge fata da kyau dan kar ƙwayoyin fata su shiga su ɓata sakamakon, amma kar jiran kalca ya jinkirta maganin, in mutum ya shiga shok, wato BP ya faɗi jini baya isa sassan jiki, cikin awa ɗaya ake so antibayotik ya shiga jikinsa. A auna laktet, sinadarin da ke taruwa a jini in sassan jiki basa samun isasshen oksijin, sama da 2 abin kula ne, 4 kuwa haɗari ne babba. In asibitinku na yin gwajin jini na prokalsitonin ya fi CRP karkata ga bakteriya kuma ya fi shi saurin hawa, sai dai shi ma babbar tiyata da ƙuna suna ɗaga shi, dan haka shi ma ba alƙali bane shi kaɗai. Kalca ce ke kama sunan ƙwayar, ita kuma sai ta ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu ko fiye.

Sai likitan nan. A ilimi ya yi daidai a kan CRP, kuma ki bashi abu ɗaya, ya taso ya zo ya duba matar, bai kashe waya ya koma barci ba. Ƙila a lokacin ya kwana biyu bai runtsa ba. Amma duk wannan bai bashi damar muzanta ki gaban mutane ba, minti ɗaya ya ishe shi ya yi miki bayanin da na yi miki a sama, kuma tsawar da ya yi tana da kaso a cikin shirun da ya biyo baya ko shi bai sani ba. Ni a ganina ya kamata ya sani. Ba da faɗa ba, ki same shi lokacin da ba hayaniya ki ce masa, likita na gane kuskurena a kan CRP ranar nan, amma yadda aka yi min magana ya sa na ji tsoron kira a kan wani mara lafiya daga baya, ina so mu samu yadda zan dinga kiranka ba fargaba. In kina ganin bazaki iya fuskantarsa ke kaɗai ba, ko kin san mutum ne da baya karɓar magana, ki bi ta hannun sista.

Sannan ki canza yadda kike kiran. Daren farko hukunci kika kai masa, infekshin ne a canza magani, wannan ne ya bashi ƙofar musu. Ki kai masa abinda idonki ya gani. Misali ki ce, likita ina kira a kan gado kaza, shekara 74, kwana uku da aikin ƙugu, yana da robar fitsari, da yamma hankalinsa ƙalau yanzu yana sambatu, numfashi 26, BP ya sauko daga kaza zuwa 98/60, zafin jiki 35.9 yana kan farasitamol, WBC 3.6, ina tsoron sefsis ne, ina so ka zo ka gan shi yanzu, kafin ka iso in ɗauki kalca da laktet? Irin wannan kiran da wuya a yi masa tsawa, in ma an yi to ki rubuta lokacin da kika kira da amsar da aka baki, ki gaya wa babbar nas ɗin da ke duti, in ba a zo ba a kira na sama da shi. Kuma ki sa a ranki tun yanzu za ki yi kiran da zai zama ba komai, sau da yawa ma, kowa yana yi, kunyar minti biyar ce.

Ita sista in-caj kar ki fassara kallonta. Ƙila tana jira ne ki zo da kanki, ƙila bata san ta inda zata fara ba, ƙila ma ita ma tana tambayar kanta me yasa aka bar nas mai wata bakwai da irin wannan mara lafiya ba wanda ya leƙo. Ki nemi minti goma da ita a wannan satin, ki faɗa mata komai yadda kika faɗa min har da daren farko, ki ce kina so a rubuta rahoton abinda ya faru. Nasan wannan yana da ban tsoro, amma lambobin suna nan a folda da rubutun hannunki, gara maganar ta fito daga bakinki. Kuma ki tambaye ta ko wod ɗin na da ƙa'idar da ta ce in maki ya kai kaza dole a kira, in babu to wannan gibi ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma labarinki zai iya sa a toshe shi.

Maganar ajiye aiki, ni dai ina roƙonki kar ki yanke ta yanzu da ba kya barci. In kina da hutu ki ɗauki 'yan kwanaki. Ki roƙi a haɗa ki duti da wata babba na wata ɗaya ko biyu, ko a rage miki aikin dare na ɗan lokaci. In bayan wata uku har yanzu wod ɗin nan yana sa gabanki faɗuwa, neman canjin ɓangare ba gazawa bace, akwai wurare da yawa a aikin nan. In kuma rashin barcin ya wuce sati biyu zuwa uku, ko abin yana dawo miki kamar yanzu yake faruwa, ko kin fara jin rayuwar ma ta ishe ki, ki je ki ga likita a matsayinki na mara lafiya ba ma'aikaciya ba, kuma ki gaya wa wani na kusa da ke wanda kika yarda da shi, kar ki riƙe shi ke kaɗai.

Ga ƙaramin aikin da zan baki. Ki samu ɗan littafi, duk duti ki zaɓi mutum biyu, ba suna, ki rubuta kwana nawa da tiyata, WBC da nutrofil da CRP na yau kusa da na jiya, magungunan da suke sha musamman sitiroid da farasitamol, sai layi ɗaya na yadda kika gansu da idonki. Cikin 'yan makonni za ki fara ganin yadda CRP ke hawa ya sauko a wanda yake warkewa da yadda yake tirjewa a wanda wani abu ke ɓoye a cikinsa. Numfashi kuma ki dinga ƙirga shi minti ɗaya cikakke da agogo, kar ki bi masu rubuta 20 a kowane gado, sau da yawa shi ke fara canzawa kafin BP ya motsa. Ki je wajen sista tukuna, sannan ki sake rubuto min ki gaya min yadda kuka yi da ita, da ko barcin ya fara dawowa.